Shekarar da Jirgi Ya Daina Tsayawa a Tashar Dutse

Na san abin da ake faɗa muku game da ni da Yaya Sale. Wasu sun ce rabon gado ne ya shiga tsakaninmu, wasu sun ce matanmu ne ba sa shiri. Babu ko ɗaya a ciki. Baba bai bar abin da za a yi faɗa a kansa ba, kuma mahaifiyarku da Adda Mairo, matar Yaya, har Allah ya karɓi ransu ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Abin da ya faru, a shekara guda ya faru. Tunda cikin waɗanda suka gani da idonsu ni kaɗai na rage, gara ku ji daga bakina.

A Garwa aka haife mu, mu biyu ne maza a wurin Inna. Kakanmu bafatake ne, daga ƙasar Kano ya biyo ayari ya yada zango a bakin Binuwai, bai ƙara komawa ba. Baba ya gaji rumfarsa a kasuwa, yana sayar da yadi da kayan koli. Yaya Sale shi ne babba, tun yana ƙarami aka zaunar da shi a rumfa. Ni kuwa aka kai ni lekol, makarantar boko, ba don an ga wani abu a tattare da ni ba, sai don an ce kowane gida ya ba da yaro, Baba kuma bai ga zai iya rabuwa da na rumfa ba. Ban yi fice a karatu ba, amma hannuna yana da tsabta. In na ja layi ba ya rawa. Wannan ne ya kai ni biro, ofishin masu taswira, inda na shafe rayuwar aikina duka.

Ku da kuke buɗe waya ku ga duniya a tafin hannu, ba za ku gane yadda muke yi ba. Jirgin sama ne ke ɗauko hoton ƙasa, a kawo mana, mu sa a ƙarƙashin wani gilashi mai ido biyu, sai ka ga duwatsu sun taso kamar ka kai hannu ka taɓa. Daga nan mu zauna da alƙalami da tawada. Tudu da launin ƙasa ake zana shi, layi a cikin layi kamar zoben kututture. Inda layukan suka matse, wurin yana da tsayi da wuyar hawa, inda suka saki jiki, fili ne. Rafi shuɗi. Gida ɗigo baƙi. Layin dogo baƙin zare mai 'yan haƙora. Amma hoto ba ya faɗin sunan wuri. Dole mutum ya taka da ƙafarsa ya tambayi masu wurin, kuma da yake ina jin Hausa da Fillanci da Faransanci, ni aka fi turawa.

Haka aka tura ni tudun Adamawa lokacin da ake shimfiɗa layin dogo yana hawowa daga kudu zuwa Ngaundere. Ina saurayi, ban taɓa barin zafin Garwa ba, sai ga ni a ƙasar da ake lulluɓa da bargo a watan da mu muke kwana a tsakar gida. Wata rana muka isa wani wuri a gindin dutse. Rafi na gangarowa daga samansa, ruwan da sanyi har haƙori ke amsawa, ga burtalin shanu ya ratsa ta gefe. Babu gida ko ɗaya. Amma a takardar masu aikin layin na ga sun sa alama: nan jirgi zai riƙa tsayawa, saboda jiragen da suka haɗu su ba juna hanya.

Da na dawo gida hutu, kasuwar Baba ta ja baya sosai. Manyan kantuna sun shigo, masu yadi sun yi yawa. Na ba shi labarin wurin ne kawai kamar yadda yaro ke ba da labarin tafiya, amma sai na ga ya gyara zama. Ya sa na kwafo zanen, na shimfiɗa masa a tabarma. Bai iya karanta boko ba, amma bai daɗe ba ya gane abin da ke gabansa. Ya ɗora yatsa a kan shuɗin layi.

"Wannan ruwan yana ƙafewa da rani?"

"Makiyaya sun ce ba ya ƙafewa, Baba."

"Shanu ta nan suke bi?"

"Ta nan."

"Kuma jirgi zai tsaya."

"Haka suka rubuta."

Ya ɗaga kai daga takardar, ya juya ga Yaya Sale ya ce, "Inda ruwa da shanu da jirgi suka haɗu, ai kasuwa ta riga ta kafu, masu ci take jira."

Kafin damina ta zagayo sun tashi: Baba da Inna da Yaya Sale da amaryarsa, da wasu gidaje na 'yan uwa da maƙwabta da suka yarda da maganar Baba. Ni na zauna a Garwa saboda aiki. Da lokacin buga taswirar yankin ya zo, shugabana ya tambaye ni sunan sabon ƙauyen. Na aika aka tambayi Baba, ya ce ai sunan a fili yake, Tashar Dutse. Ni da hannuna na rubuta shi, da haruffan Faransanci kamar yadda doka ta ce, *Tachar Doutché*. Na ɗiga gidajen ɗaya bayan ɗaya, na san mai kowane ɗigo. Na sa alamar masallaci, na ja ƙaramin baƙin akwati a jikin layin dogo, alamar tasha. A duk abin da na zana a rayuwata babu wanda na yi wa hankali kamar wannan ɗan akwati. Da aka buga, na kai wa Baba kwafi, ya sa aka liƙa a bangon zaure. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Manyanku sun riski wurin a lokacin da yake wuri, ko da yake ban san abin da kuke tunawa ba. Da hantsi jirgin fasinja ke isowa. Tun ana jin kukansa a bayan dutse ƙauyen ke ɗaukar motsi: mata da faranti a ka, masu zuma da goruna, Fulani da ƙwaryar nono, masu busasshen kifi da suka yo tafiya daga wajen Tibati, doya da rogo a jibge a bakin layi. Hannaye na miƙowa ta tagogi, ana ciniki da harsuna uku a lokaci guda. Inna tana da wurinta a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro da ta shuka da kanta, tana suyar masa. Direbobin jirgi sun san ta, suna saukowa su karɓi tasu da zafi. Yaya Sale yana da shago daf da ofishin tasha. Mai kula da tashar, shef de gar kamar yadda muke cewa, wani Kirista ne mutumin duwatsun Mokolo, sunansa Matiyu. Hausarsa ta kasuwa ce, yana ce wa mace "kai", amma ya zama ɗan gida. Da Sallah a zaurenmu yake cin abinci, da Kirsimeti matarsa ke aiko wa Inna da kaza da ranta don a yanka yadda ya dace. A waɗannan shekarun Baba ya rasu, cikin rufin asiri, aka binne shi a gindin dutse inda ake jin ƙarar rafi.

Shekarar da nake son ba ku labari, ina zaune a teburina aka ajiye min tsohuwar taswirar yankin tare da jerin gyare-gyare. Irin wannan aiki ne da muka saba: an buɗe sabuwar hanya a ƙara, gada ta karye a cire. Ina bin jerin da ido sai na ga sunayen ƙananan tashoshin da masu jirgi suka yanke shawarar rufewa, don jirgi ya riƙa sauri. Tashar Dutse na ciki. Na tashi na sami shugabana, na ce ko akwai kuskure. Ya ce babu, magana ce da aka gama a can sama, mu namu zane ne. Ya lura da fuskata, ya ce in ina so ya ba wani wannan takarda. Na ce a'a. Ban so hannun wani ya taɓa ba. A lokacin da reza muke kankare abin da za a cire, a hankali don kada takardar ta huje. Na kankare ɗan akwatin, na hure garin tawadar. Gidajen na nan, masallaci na nan, sunan na nan, amma layin dogo ya wuce ta gabansu santal, kamar bai san da su ba.

A ƙarshen makon na nemi izini na hau mota zuwa Ngaundere, na kama jirgi na gangara. Ashe labari ya riga ni, Matiyu ya samu takardarsa. Na tarar da shi da Yaya Sale zaune a benci gaban shago. Bayan gaisuwa Yaya ya ce min:

"Kai ma ka ji ke nan."

"Na ji, Yaya. Shi ya kawo ni."

"Za su rufe, su gaji su buɗe. Ina za su sami ruwa irin namu?"

Matiyu ya girgiza kai. "Sale, injin yanzu ba ruwa yake sha ba. Ni an ce in tattara in koma Ngaundal. In na tafi, babu mai ɗaga tuta. In babu tuta, direba ba shi da iko ya tsaya, ko uwarsa ce a bakin layi."

Na shiga cikin gida, a nan na ga abin da ya fi rufe tasha tayar min da hankali. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafunta sun kumbura har zanen ya matse su. Daga ɗaki zuwa inda take ɗan taku ne, amma tana haki kamar wadda ta hau dutse. Adda Mairo ta ja ni gefe ta ce tun bayan damina abin ya fara, Inna ta hana a gaya min, kuma yanzu ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ta daina suyar masa. Ana ba ta saiwoyi da rubutu, wani lokaci ta ji sauƙi, wani lokaci abin ya dawo.

Ku lura da yadda wurin yake a lokacin. Babu hanyar mota. Jirgi ne hanya, jirgi ne asibiti, jirgi ne kasuwa. Da damina turbar ƙafa ma rafuka ke yanke ta. Na san wannan fiye da kowa, domin ni na zana rafukan. Bayan la'asar na ce wa Yaya ina so mu yi magana. Muka taka zuwa bakin rafi.

"Yaya, ina so in tafi da Inna Garwa kafin a rufe."

"A yi mata me a Garwa?"

"Likita ya gan ta. Wannan kumburin ba na saiwa ba ne. In jirgi ya daina tsayawa, ciwon ya tashi, da me za ka fitar da ita?"

"Da bayana zan goya ta."

"Zuwa ina? Tasha ta gaba wuni guda ce a ƙafa."

Yaya mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, kuma ranar ma bai yi ba.

"Amadu, kai ka nuna wa Baba wurin nan, ba mu ce ka yi laifi ba, mun ci arziki a nan. Amma kai ba ka zauna ba. Ni na san abin da ke riƙe da tsohuwar nan. Da safe tana sa a kai ta inda za ta hango kabarin Baba. Ruwan nan take sha. Zafin Garwa ta manta shi. In ka cire ta daga nan, ba na jin za ka dawo da ita."

"In na bar ta fa?"

"Allah ne ya sani."

"To a can ma Allah ne ya sani, amma akwai likita."

Muka kai maganar gaban Inna. Ta saurare mu duka biyu, tana jan carbi. Ban manta yadda ta dube mu ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana auna wanda zai fi iya ɗaukar rashin nasara. Sannan ta ce min:

"In na ƙi bin ka na mutu a nan, za ka ɗora wa yayanka har abada. Na san halinka. Shi kuwa yana da haƙuri. Zan bi ka. Amma in likitan ya gama abin da zai yi, ka maido ni."

Na ce na yi alkawari. Yaya ya tashi ya fita.

Na koma aiki, na dawo a makon ƙarshe da jirgi zai tsaya. Ranar da muka tafi duk ƙauyen ya fito, ba don mu kaɗai ba. Gidaje da dama sun ɗaure kayansu, wasu za su Ngaundere, wasu kudu. An loda tabarmi da tukwane da awaki. Yaya ne ya ɗauki Inna cak ya hau da ita, ya zaunar da ita kusa da taga, ya gyara mata matashi. Adda Mairo ta miƙo jarka cike da ruwan rafi. Matiyu ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Mama, kai dawo lafiya." Ta yi dariya ta sa masa albarka. Da jirgi ya motsa, Yaya na tsaye a ƙarƙashin mangwaron, hannayensa a baya. Bai ɗaga hannu ba. Inna ta bi dutsen da kallo har kwana ta ɓoye shi.

Washegari muka gangaro falez a mota, wannan gangaren mai kwane-kwane da ke sauko da mutum daga tudu zuwa ƙasarmu. Kowace kwana muka sha, iska na ƙara ɗumi. Kafin mu kai ƙasa Inna ta cire mayafinta na sanyi, gumi na tsattsafo mata. Ta ce, "Ashe haka garinmu yake." A Garwa aka haife ta, a nan ta yi aure ta haihu, amma ta dawo masa baƙuwa.

Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ya ba da magani, kumburin ya sauka, numfashi ya daidaita. Makonnin farko na yi ta jin cewa ni ne da gaskiya. Na aika wa Yaya saƙo ta bakin wani mai zuma cewa Inna har tana taka tsakar gida. Mahaifiyarku ta yi mata hidimar da ba zan iya biya ba, ita ke mata fifita, ita ke jiƙa zane ta shimfiɗa mata a ƙafa. Inna ta riƙa shan ruwan jarkar nan kaɗan-kaɗan kamar magani, da ya ƙare aka koma na randa, ta kurɓa ta ce yana da ɗanɗanon ƙarfe. Kullum na dawo daga aiki tambayarta ɗaya ce.

"Likitan ya gama?"

"Saura kaɗan, Inna. Ya ce a ƙara ganin wata guda."

Ba ƙarya nake mata ba, haka yake cewa. Amma gaskiya ita ce ko ya sallame ta ban san yadda zan mayar da ita ba. Jirgi ya riga ya daina tsayawa. Sai dai a sauka a tasha ta gaba a ɗauke ta a kan gadon kara wuni guda, kuma jikinta ba zai ɗauka ba. Na yi ta cewa bari ta ƙara ƙarfi. Sai bazara ta shigo, irin bazarar Garwa da kuka sani, wadda bango ke riƙe zafi har wayewar gari. Ƙarfin da nake jira bai zo ba, wanda ke akwai ma ya fara tafiya. Aka kwantar da ita a lopital, wato asibiti.

Inna mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba. "Yayanka" take cewa, ko "mai shago", ko ta ce "wancan". Wata rana da yamma ina zaune a gefen gadonta, ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ce a fili:

"Salihu bai zo ba?"

Mahaifiyarku ta dube ni, na dube ta. Na tashi ban tsaya neman takalmi na kirki ba, na nufi gidan rediyo. A lokacin haka ake yi, a ba da sanarwa a karanta da Fillanci da Hausa bayan labarai. Na san Yaya ba ya rabuwa da rediyonsa. Aka karanta cewa ana neman Sale na Tashar Dutse ya zo Garwa da gaggawa, mahaifiyarsa na jiransa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Adda Mairo na ji, shekaru bayan haka, domin Yaya bai taɓa ba ni labarin ba. Ya ji sanarwar. Da gari ya waye ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya je ya tsaya a tsohuwar tashar, inda ciyawa ta fara cin dandamali. Sauran mutanen ƙauyen suka fito suka tsaya tare da shi. Sun ce in direba ya ga taro zai gane akwai dalili. Da suka ji kukan jirgi a bayan dutse, Yaya ya kwance rawaninsa ya shiga kaɗawa, mata na ɗaga mayafai. Direban ya san shi, ya sha cin masar Inna. Ya rage gudu kaɗan, ya leƙo, ya ɗaga hannu biyu alamar ba yadda zai yi, ya ja ƙaho mai tsawo, ya wuce. Adda ta ce Yaya ya tsaya har ƙarar ta ɓace, ya naɗa rawaninsa, ya ce mata ta kula da gida, ya kama bin layin dogo da ƙafa.

Da a ce jirgin ya tsaya, da kafin azahar Yaya yana Ngaundere, kafin magariba yana Garwa. A wannan magaribar Inna na da rai, tana magana, har ta sha kunu. Ta sake tambayarsa, na ce yana hanya. Shi kuwa sai da rana ta faɗi ya kai tasha ta gaba, ya kwana a nan, ya sami motar shanu da safe. Inna ta cika da hantsin ranar. Da irin wannan zafi ba a jira. Muka yi mata sutura bayan azahar.

Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar ana karɓar gaisuwa, sai ga shi ya shawo kwana. Farar rigar ta koma ja, takalminsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da tsumma. Ya ga tabarmi, ya ga mutane, ya rage tafiya. Na tashi na tarye shi. Na kasa haɗa ido da shi.

"Yaushe?"

"Da hantsi, Yaya."

"An kai ta?"

"An kai ta."

Ya yi salati a hankali, ya nemi buta. Bayan ya yi alwala ya rama sallolinsa, na matsa kusa da shi na ce masa ta kira shi, kuma da sunansa ta kira. Ya dube ni kamar bai fahimta ba. Na ce, "Salihu ta ce." Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Mutanen da ke kusa suka kawar da kai.

Na ce mu je in nuna masa kabarin, ya ce ba yanzu ba. Har aka yi sadakar uku bai je ba, washegari kuma ya kama hanya. Da na raka shi tashar mota na ce ya tattaro iyali su dawo Garwa, ƙauyen ya mutu, ga ɗaki a gidana. Ya ce, "Baba na can shi kaɗai." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bai taɓa zargina da baki ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, da mun yi faɗa mun shirya. Abin da ya faru shi ne magana ta ƙare a tsakaninmu. Ina aika gaisuwa da kayan Sallah, yana aiko da zuma. In na je, mu gaisa, mu tambayi iyali, mu yi zancen damina, sai shiru ya sauka, kowa ya san abin da ke cikinsa. Tafiyar ma ta yi wuya, na riƙa jinkirtawa, shekara ta zama shekaru. Ku kuka tashi ba ku san 'ya'yansa ba sai a suna. Shi ya koma noma da kiwon zuma, ƙauyen ya ragu zuwa 'yan gidaje, rufin ofishin Matiyu iska ta yaye. Har yau in na zauna ina juya maganar, ban iya cewa da na bar ta da ta fi daɗewa ba. Mai yiwuwa da ba ta kai bazarar ba ma. Amma da ta cika a ɗakinta, da sanyin dutse, da ɗanta na fari a gefenta, a kwantar da ita kusa da mijinta. Na saya mata 'yan watanni, ban tambayi kaina da me ake biya ba. Alkawarin da na yi mata kuma ban cika ba.

Sau ɗaya Yaya ya ƙara taka Garwa. Lokacin mun tsufa duka, na riga na bar aiki, idanunsa sun yi yana, babban ɗansa ya fito da shi a babur zuwa bakin titi ya kawo shi a yi masa aiki. A gidana ya sauka. Bayan an cire masa bandeji ya fara gani, wata safiya muna karyawa ya ajiye kofinsa ya ce:

"Amadu, kai ni wurin Inna."

Muka tafi mu biyu, ina riƙe da hannunsa. Na yi shekaru ban shiga maƙabartar ba, daga bakin ƙofa nake tsayawa in yi addu'a. Da muka shiga na ga ta cika ta tumbatsa. Na san a gabas da wata bishiyar darbejiya muka sa ta, amma bishiyoyin sun yi yawa, wasu an sare, ruwan sama ya baje tsofaffin kaburbura, an yi sababbi a tsakaninsu. Na kai shi nan, na ce a'a, na kai shi can. Na tsaya ina waige-waige, gumi na zubo min. A ƙarshe na ce masa:

"Yaya, a tsakanin nan ne. Amma ban iya nuna maka wanne ba."

Na jira abin da zai ce. Ya dubi filin da sabon idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire takalmansa, ya dafa kafaɗata ya durƙusa a hankali, ya jawo hannun rigata.

"Zauna," ya ce. "Mu yi musu duka. Tana ciki."

Na zauna kusa da shi a kan ƙasa mai zafi, muka ɗaga hannu.